Likita ya ce a bar sigari: wace hanya ce ta dace da mai ciwon zuciya?

Ranar da aka sallami kawuna daga asibiti a nan Yamai, bayan kwana shida yana kwance saboda toshewar jijiyar zuciya, likita ya miƙa masa takardar magani mai layi biyar. Sai ya ƙara da cewa, "Alhaji, akwai na shida da ban rubuta ba, kuma bai gaza ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ka bar sigari." Kawu ya ce in sha Allah. Muna cikin taksi za mu gida, daidai Katako, na ga idonsa ya bi wani mai tebur har muka sha kwana. Shekara talatin da ɗoriya ke nan kwali bai bar aljihunsa ba.

Abin da ya biyo baya shi ya sa nake wannan rubutu. An ce masa ya bari, amma ba a ce masa ga yadda ake bari ba. Cikin mako guda ya samu shawara kala-kala: wani ya ce ya rage a hankali, wani ya ce ya koma taba gari, ɗansa da ke karatu a waje ya ce akwai filastar nikotin da ake mannawa a jiki, wata maƙwabciya ta aiko da saiwa a leda. Duk mai ciwon zuciya da ke shan sigari zai tsinci kansa a wannan mararraba, shi ya sa na ga ya dace a jera hanyoyin a auna su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba zai maye gurbin likitanka ba. Amfaninsa shi ne ka shiga wurinsa ka san abin da za ka tambaya.

Me ke cutar da zuciya a cikin sigari?

Sai an fahimci wannan kafin a iya zaɓe. Abubuwa biyu ne mutane ke cakuɗawa: nikotin da hayaƙi. Nikotin shi ne ke ɗaure mutum, shi ke tada shi da asuba yana laluben ashana. Yana ƙara saurin bugawar zuciya, yana ɗan ɗaga jini. Amma babbar ɓarnar daga hayaƙin take. Duk wanda ya taɓa kwana da gawayi a ɗaki rufe lokacin sanyi ya tashi kansa na sarawa ya san iskar nan mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ita ce dai a cikin hayaƙin sigari: tana shiga jini ta tare gurbin iskar da zuciya ke buƙata. Sauran gubobin hayaƙin kuma suna ƙuje bangon jijiyoyi ta ciki, suna sa jini saurin daskarewa. Ga wanda jijiyarsa ta riga ta ƙuntata, gudan jini ɗan ƙanƙane ya isa ya rufe ta.

Ribar bari kuwa ba ta jinkiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin minti 20 bugawar zuciya da hawan jini kan fara sauka, cikin awa 12 gubar nan ta ragu a jini ta koma daidai, bayan shekara guda kuma haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya ya koma kusan rabin na mai sha. Wani nazari da aka wallafa a 2003, wanda ya tattara bincike 20 kan mutanen da suka riga suka kamu da ciwon, ya gano cewa waɗanda suka bar sigari haɗarin mutuwarsu ya ragu da kashi 36 cikin 100 in aka gwada da waɗanda suka ci gaba. Ba kowace ƙwayar da ke kan takardar likita ke kai wannan ba.

Ma'aunin da zan yi amfani da shi

Abu huɗu. Na farko kuɗi, kuma kuɗin magani har a gama shi, ba na kwali ɗaya ba. Na biyu ɗorewa: mutum nawa ne ke nan ba su koma ba bayan wata shida ko shekara? Bari na kwana uku kowa ya iya, Kawu ya yi shi ya fi sau goma. Na uku sauƙi: ana samun abin a Yamai ko Tawa, kuma mutum zai iya bin ƙa'idarsa yana cikin harkarsa ta kasuwa ko tuƙi? Na huɗu haɗari ga zuciyar da ta riga ta ji rauni.

Kafin nan akwai tambaya guda da ke raba masu sha gida biyu: minti nawa ne tsakanin farkawarka da karan farko? In kana kunnawa cikin rabin awa da tashi, ko sai ka zuƙa kafin ka fita sallar asuba, ko kana wuce kara goma a rana, to ɗaurin ya yi ƙarfi. Ka riƙe wannan amsar, za mu dawo kanta.

Yankewa lokaci guda, babu magani

Ita ce hanyar da mazajenmu suka fi so, domin akwai jarumta a ciki. Ba ta cin ko dala, ba ta da haɗari ga zuciya, kuma ba gaskiya ba ne zancen da ake yi cewa wanda ya daɗe yana sha in ya yanke kwatsam jikinsa zai "girgiza" har ya mutu. Abin da zai same shi shi ne saurin fushi, rashin barci, ciwon kai, yawan jin yunwa da rashin natsuwa. Kwana uku na farko su ne masu zafi, yawancin alamun kuma suna lafawa cikin mako biyu zuwa huɗu. Ita jarabar kanta in ta taso ba ta wuce ƴan mintoci, sai dai tana dawowa kamar sauro.

Matsalarta ɗorewa. Cikin mutum 100 da suka gwada haka ba tare da wani taimako ba, uku zuwa biyar ne kawai ke kai wata shida zuwa shekara ba su koma ba. Wanda ya fito daga asibiti ya fi wannan dama, domin tsoro yana taya shi, kuma ya riga ya yi kwanakin farko a gado inda babu halin kunnawa. Amma tsoro yana tsufa. Wata biyu, ƙirji ya daina ciwo, an koma kasuwa, sai zuciya ta fara raɗa cewa kara ɗaya ba zai yi komai ba. Kawu a kwana na goma sha tara ya faɗi, a wurin zaman makoki, wani tsohon abokinsa ya miƙa masa.

Ragewa a hankali

A nan zan ɗan tsaya, domin wannan ce hanyar da ta fi yaudara. Mutum na shan kara ashirin, ya koma biyar, sai ya ɗauka ya zubar da kashi uku cikin huɗu na haɗarin. Ga huhu akwai ɗan ƙamshin gaskiya a lissafin. Ga zuciya babu. Wani babban nazari da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa namijin da ke shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan ashirin. Dalili kuwa, hayaƙi kaɗan ya isa ya sa jini saurin daskarewa. Ga shi kuma wanda ya rage yakan zuƙi ragowar da ƙarfi, ya riƙe hayaƙin a ƙirji, ya sha har wuta ta kusa taɓa yatsa.

Sannu ba ta hana zuwa, haka ne, amma sai in akwai inda aka nufa. Ragewa tana da amfani ne kawai in an sa mata rana: nan da mako biyu, ranar Juma'a kaza, babu ko ɗaya. Ragewar da babu ranar ƙarewa a kanta, ni ban ƙidaya ta cikin hanyoyin bari ba.

Filasta, cingam da alawar nikotin

Dabarar ita ce a ba jiki nikotin ɗin da yake kuka a kai, ba tare da hayaƙi ba, sannan a janye shi mataki-mataki. Da ɗan Kawu ya kawo maganar, sai Kawu ya ce, "Yaro, gubar da ta kwantar da ni ita zan manna a jiki?" Tambaya ce mai ma'ana, kuma da yawa suna da ita a rai. Amsar ita ce wadda muka fara da ita: filasta ba ta da hayaƙi, ba ta da gubar gawayi, kuma tana sakin nikotin a hankali maimakon watsa shi cikin jini lokaci guda kamar yadda zuƙa ke yi. An gwada ta a kan masu ciwon zuciyar da ya lafa, ba a ga ta ƙara musu haɗari ba. Inda ake taka-tsantsan shi ne mako biyun farko bayan toshewar jijiya, ko wanda ƙirjinsa ke ciwo ko yana zaune, ko wanda bugawar zuciyarsa ke rikicewa sosai. Waɗannan ba a hana su gaba ɗaya ba, amma likita ne zai yanke, ba mai farmasi ba, ba kai ba.

Filastar awa 24 tana zuwa ƙarfi uku: miligiram 21, 14 da 7. Mai shan fiye da kara goma a rana yakan fara da 21 na kimanin mako shida, ya sauko 14 mako biyu, ya ƙare da 7 mako biyu. Mai shan goma ko ƙasa yakan fara da 14. Ana manna ta da safe a fata mai tsabta, busasshiya, marar gashi, a damtse ko ƙirji ko baya, kuma kullum a canja wuri don kada fatar ta yi ja. In mafarkai sun dame ka, cire ta kafin barci.

Akwai abin da takardar cikin kwalin ba ta yi tunaninsa ba: zafin Yamai. A watan Afrilu da Mayu, rana ta haura digiri 40, gumi na iya ɓamɓare filasta kafin azahar. Abin da muka koya shi ne a manna bayan wankan safe, jiki ya bushe sarai, ba mai ba turare a wurin, a danna da tafin hannu a ƙirga har ashirin, in ta kama a ɗora mata filastar asibiti ta riƙe gefe. Kada a ajiye kwalin a mota. Damtse ko baya kuma sun fi dacewa, tunda ruwan alwala ba ya kai wa can.

Cingam yana zuwa miligiram 2 da 4. Mai kunnawa cikin rabin awa da tashi, na 4 ne nasa. Ba a tauna shi kamar cingam ɗin yara. A tauna kaɗan har a ji ɗan yaji, a ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, in yajin ya tafi a sake taunawa, haka har kusan rabin awa. Wanda ya tauna da sauri ya haɗiye yawun zai samu shaƙuwa da ƙwannafi ya ce maganin banza ne. Kada a sha kofi ko lemo minti goma sha biyar kafin a sa shi a baki. Mai haƙoran roba ko wanda haƙoransa suka yi rauni, alawar tsotsa ta fi masa.

Ta fuskar ɗorewa, kowane ɗaya daga cikinsu yana ƙara damar bari da kashi 50 zuwa 60 cikin 100. Haɗa biyu ya fi: filasta ta riƙe jiki yini guda, cingam ko alawa kuma don lokacin da jaraba ta taso bayan cin abinci. Inda hanyar ke da rauni a wurinmu shi ne aljihu da samuwa. Kayan waje ne, irin su Nicorette da Nicopatch, ba kowace farmasi ke ajiye su ba, a Tawa ma sai ka sa an aiko maka daga Yamai. Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen na mako guda, a ji daɗi, a tsaya. Kafin ka fara, ka sa mai farmasi ya lissafa maka kuɗin mako takwas zuwa goma sha biyu, kuma ka tabbatar zai iya kawo maka ragowar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Baraniklin

Ƙwaya ce da aka fi sani da sunan Champix, ta fito a 2006. Babu nikotin a cikinta. Tana zama a gurbin da nikotin ke sauka a ƙwaƙwalwa, ta rage ƙishirwar, sannan in mutum ya zame ya kunna, ba zai ji daɗin da ya saba ji ba. A cikin magunguna guda-guda ita ce ta fi ƙarfi: tana ninka damar bari fiye da sau biyu. Abin da ya fi jan hankalina shi ne an gwada ta a kan irin su Kawu, wato mutanen da ke kwance a asibiti saboda toshewar jijiyar zuciya, a Kanada da Amurka. Bayan mako 24, kashi 47 cikin 100 na masu shan ta ba sa shan sigari, a ɓangaren da aka ba ƙwayar da babu magani a ciki kuwa kimanin kashi 33.

Ana farawa da rabin miligiram sau ɗaya a rana na kwana uku, sai sau biyu har ƙarshen mako, daga nan miligiram ɗaya safe da yamma har mako 12. Kusan mutum uku cikin goma tana sa su tashin zuciya; shan ta bayan cin abinci da ruwa kofi cike yana rage wannan. Akwai mafarkai masu ban mamaki. Mai ciwon ƙoda sai an rage masa. An daɗe ana tsoron tana rikita tunani, sai wani gwaji na mutum sama da 8,000 da aka wallafa a 2016 bai ga ƙarin wannan matsalar a fili ba. Duk da haka, wanda ya taɓa fama da ciwon damuwa ya faɗa wa likita, iyalinsa kuma su sa ido.

Wahalarta samuwa. A 2021 kamfanin Pfizer ya janye Champix daga kasuwa saboda wani gurɓataccen sinadari da aka samu a ciki, daga baya wasu kamfanoni suka ci gaba da yin ta da sunan maganin na asali. Sai da takardar likita, kuma daga farmasi ta gaskiya. Duk wanda ya ce maka yana da ita a tire ko a shimfiɗar bakin kasuwa, ka wuce.

Bufurofiyon da sitizin

Waɗannan zan gajarta. Bufurofiyon, wato Zyban, yana aiki kusan daidai da filasta ita kaɗai, amma yana iya ɗaga jini, yana hana barci, kuma kusan mutum ɗaya cikin 1,000 yakan samu farfaɗiya da shi. Mai farfaɗiya ba ya shan sa. Mai shan taramol ma ya kiyaye, domin haɗuwarsu na ƙara wannan haɗarin, kuma mun san yadda taramol ya yi yawa a hannun masu aikin ƙarfi da direbobi. Gwaje-gwajen da aka yi a kan waɗanda ke kwance da sabon ciwon zuciya ba su nuna yana taimaka musu sosai ba.

Sitizin daga wata bishiya ake samun sa, an fara sayar da shi a Bulgeriya tun 1964 da sunan Tabex, kwana 25 ake shan sa, kuma a ƙasashen da ake sayar da shi ya fi baraniklin araha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin magunguna huɗu da ta amince da su a jagorar da ta fitar a 2024. Sai dai takardarsa ta hana wanda bai daɗe da samun toshewar jijiyar zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, da mai rikicewar bugawar zuciya. Wato mafi yawan masu karanta wannan ba yanzu ba.

Musanya: taba gari, shisha, sigarin lantarki, saiwa

Taba gari da ake cusawa a baki da kanwa ko toka, wadda dattawan Adar suka sani sarai, ba ta da hayaƙi, gaskiya ne. Amma kanwar aikinta shi ne ta buɗe wa nikotin hanya ya shiga jini da yawa, babu awo, babu ranar sauka, ga gishirin kanwa ga mai hawan jini, ga cutar dajin baki. Gudun gara ne a faɗa zago. Shisha ta fi muni: ruwan ba ya tace guba, zama ɗaya yakan kai kusan awa ana zuƙa, gawayin da ke kanta kuma yana ƙara gubar nan da zuciya ta fi tsoro.

Sigarin lantarki maganarta ta fi sarƙaƙiya. Akwai bincike mai ƙarfi da ke nuna tana taimaka wa wasu su bar sigari, kuma a Ingila hukumomin lafiya suna yarda da ita don wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa ta cikin abin da take ba da shawara ba. A ganina, ga mai ciwon zuciya a Yamai tana can ƙarshen layi: ba ka san abin da ke cikin ruwan da aka sayar maka ba, kuma da yawa suna ƙarewa da shan biyun, wanda bai tsirar da zuciya daga komai ba.

Saiwar maƙwabciyarmu kuwa, mun yi mata godiya, muka ajiye. Mutumin da ke shan maganin tsinka jini bai kamata ya jiƙa abin da bai san yadda zai haɗu da ƙwayoyinsa ba.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari ga zuciya |
|---|---|---|---|---|
| Yankewa babu magani | Babu | Kaɗan, 3 zuwa 5 cikin 100 | Ba a neman komai, amma makon farko da wuya | Babu |
| Ragewa babu rana | Kuɗin sigari na ci gaba | Ba bari ba ne | Da sauƙi | Babba |
| Filasta ko cingam kaɗai | Da nauyi, mako 8 zuwa 12 | Ƙari da kashi 50 zuwa 60 | Sai an koyi ƙa'ida. Gumi na damun filasta | Kaɗan. Makonnin farko sai da likita |
| Filasta tare da cingam | Ya fi nauyi | Ya fi guda ɗaya | Abu biyu za a kula da su | Kamar na sama |
| Baraniklin | Da nauyi, mako 12 | Fiye da ninki biyu | Ƙwaya safe da yamma. Samuwa da wuya | Kaɗan. A duba ƙoda |
| Bufurofiyon | Matsakaici | Kusan kamar filasta | Sai da takardar likita | Hawan jini, farfaɗiya |
| Taba gari, shisha | Araha zuwa matsakaici | Musanya ce kawai | Ko'ina akwai | Babba |

Kan maganar kuɗi, ka yi wannan lissafin da farashin da kake saye. Mu ce kwalinka dala ɗari ne, wato sefa 500, kana shan ɗaya a rana. Jika goma sha biyar ke nan a wata, jika arba'in da biyar a wata ukun da magani ke ɗauka, 182,500 a shekara. Mai sayen kara-kara a wurin mai tebur ya fi haka kashewa, bai dai taɓa tarawa ya gani ba.

Abin da babu a farmasi

Duk hanyar da aka bi, tana ƙara ƙarfi in akwai wanda ke bibiya: likita ko ma'aikacin jinya da zai tambaye ka a kowace ganawa, da mutum ɗaya a gida da aka ba izinin yin magana. A wurin Kawu, Hajiya ce ta tattara ashana da kwalayen da ke cikin aljihunan riguna, har da wanda ya ɓoye a bayan rediyo.

Sai fada, wato majalisar hira da abokai. Nijar tana da dokar yaƙi da taba tun 15 ga Mayu 2006, amma doka ba ta zuwa gindin bedi inda ake dafa shayi bayan isha'i. Can ne hannu ya saba: kofin farko mai ɗaci, sai kara. Hayaƙin na kusa da kai ma yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da kashi 25 zuwa 30 cikin 100, don haka zaman ba lafiya ba ne ko ba ka kunna ba. Wata guda na farko gara a ƙaurace, ko a faɗa wa abokai ƙarara cewa likita ya hana, a roƙe su su matsa gefe. Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: hayaƙin sigari yana sa hanta saurin ƙone sinadarin da ke cikin shayi, kofi da goro. Da ka bari, shayin da ka saba zai yi maka ƙarfi kusan ninki biyu, ƙirji ya riƙa dukan uku-uku, barci ya ƙaura, ka ɗauka rashin sigari ne ko ciwon ne ya dawo. Rage shayin da goron da rabi. Haka wasu magunguna, irin na tsinka jini, na asma da na ciwon suga, ƙarfinsu kan canja bayan an bari, shi ya sa dole likita ya san ranar da ka daina.

Ƙiba za ta zo, kilo huɗu zuwa biyar a shekarar farko ga yawancin mutane. Ba ta kai haɗarin sigari ba ko kusa. Asuwaki a baki ya fi alawa da biskit, tafiyar ƙafa da yamma gwargwadon yadda likita ya yarda ta fi duka.

Azumi dama ce ga wanda likita ya yarje masa ya yi: mutumin da ya iya awa goma sha uku ko fiye babu hayaƙi ya riga ya yi rabin aikin. Haɗarin yana wurin buɗa baki, inda ake jera kara biyu ko uku a jere a kan jikin da ya bushe da ƙishirwa. Cingam da alawa sai bayan magariba. Hukuncin filasta da rana kuwa a tambayi malami.

To, wa zai ɗauki wace?

In kana kwance yanzu ko an sallame ka cikin makon nan, ranar barinka ta riga ta wuce, ita ce ranar da aka kwantar da kai. Kada ka sa wata. Kafin ka bar asibiti ka tambayi likitan zuciya ko zai sa maka filasta ko baraniklin, da ƙarfin da ya dace. In ciwonka ya lafa, kana shan fiye da kara goma ko kana kunnawa da farkawa, kada ka dogara da jarumta: filasta tare da cingam, ko baraniklin in ana samu, wanda aljihu da farmasi suka yarda a kai shi ƙarshe. Mai shan ƙasa da goma, wanda sai bayan cin abinci ko a fada yake kunnawa, zai iya yankewa lokaci guda ya riƙe cingam na miligiram 2 a aljihu. Wanda ba shi da halin sayen komai, ya yanke, ya sa rana, ya sanar da gida da abokai, ya nemi a riƙa tambayarsa a asibiti. In ɗan kuɗi ya samu, makonnin farko ne suka fi cancantar a kashe shi. Wanda ya gwada filasta da ƙa'ida bai dace ba, baraniklin ce ta gaba. Mai ciwon ƙoda, mai farfaɗiya, mai juna biyu da mai shayarwa, kada su taɓa ƙwaya sai likita ya duba. Wanda ya zame ya sha kara ɗaya, kada ya cire filastar ya ce shi ke nan. Ya jefar da ragowar kwalin ya ci gaba, ya faɗa a ganawa ta gaba.

Ciwon ƙirji mai danna kamar an ɗora dutse, wanda ke bin hannu ko muƙamuƙi, da gumi mai sanyi ko sarƙewar numfashi, wannan ba ƙishirwar sigari ba ce. A nufi asibiti nan take, a Yamai babban asibitin ƙasa, na Lamorde ko babban asibitin Référence, a Tawa asibitin jiha, ba a jira gari ya waye ba.

Kawu, bayan zamewar nan ta wurin makoki, ya yarda aka koma wurin likita, aka sa masa filasta ta 21 da cingam. Wata bakwai ke nan. Ya koma fada, amma yana zama ta inda iska ke fitowa, kofi ɗaya yake karɓa, na uku marar ɗaci. Har yanzu akwai cingam biyu a aljihun gaban rigarsa, inda kwalin yake zama a da, kuma ya hana Hajiya ta cire su in za ta ba da wanki.